Wasa Ya Fi Faɗa Koya Wa Yara Tattalin Abinci

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida tamu mai farin jini, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato yadda ake zubar da abinci a gidajenmu, da kuma hanyar da nake ganin ta fi dacewa a bi wajen koya wa yara tattalinsa. Ni malamar firamare ce da ta yi ritaya, kuma uwa ce, kaka ce, saboda haka abin da zan faɗa na gan shi a aji, na kuma gan shi a tsakar gida.

Duk wanda ya bi ta lungunan birni da sassafe, musamman a watan azumi ko washegarin Sallah ko bayan wani biki, ya san abin da ake tararwa a bakin kwata da kan bola: shinkafa da taliya, malmalar tuwo da ko gutsura ba a yi ba, ƙosan buɗa-baki da ya kwana ya yi tauri, da kunun da aka dama da yawa aka rasa mai sha. Wannan kuwa yana faruwa ne a lokacin da magidanta da yawa suka koma hannu baka hannu ƙwarya, tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, har Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana cewa a tsakiyar 2024 hauhawar farashin kayan abinci ta haura kashi 40 cikin 100. Ba na musun cewa tsada ta rage zubarwar, amma ba ta kawar da ita ba, domin abin da ya riga ya zama hali yakan lafa ne kawai idan aljihu ya yi sanyi, da zarar an samu sarari kuma ya dawo.

Da yawanmu mun ɗauka zubar da abinci ciwon ƙasashen masu arziki ne, mu nan ba mu ƙoshi ba balle mu zubar. Alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya ba su goyi bayan wannan zato ba. Rahoton da hukumarta mai kula da muhalli, UNEP, ta fitar a 2024 ya nuna cewa a shekarar 2022 an zubar da abinci tan biliyan 1.05 a duniya, kuma kashi 60 cikin 100 na wannan adadi daga gidaje ya fito, wato kimanin kilo 79 ga kowane mutum a shekara, alhali mutum miliyan 783 suna fama da yunwa. Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda rahoton ya gano cewa tazarar da ke tsakanin gidajen ƙasashe masu arziki da na masu matsakaicin hali kaɗan ce, kuma ƙasashe masu zafi sun fi zubarwa, mai yiwuwa saboda ƙarancin wurin sanyaya abinci da yawan ɓawo a cikin abin da suke ci. Rahoton hukumar na 2021 ma ya ƙiyasta wa Najeriya kilo 189 ga kowane mutum, adadin da ke cikin mafiya yawa a duniya. Gaskiya ne lissafin ya haɗa da ɓawon doya da ƙashi da sauran abin da ba a ci, kuma ƙiyasi ne da aka gina a kan bincike ƙalilan, amma ko rabinsa aka ɗauka ya isa abin damuwa.

To, yaya muke koya wa yara wannan darasi a yanzu? Uwa ce za ta cika wa yaro kwano da hannunta, ya ci rabi ya ture, ta ɗaga murya ta ce in bai cinye ba sai ta zane shi, ko ta tuna masa cewa akwai yara a titi da ba su samu ba. Malamin Islamiyya kuma ya biya masa ayar Suratul A'araf wadda ta ce a ci a sha amma kada a yi ɓarna, da ta Suratul Isra'i wadda ta kira almubazzarai 'yan'uwan shaiɗanu, da hadisin da ya umarci wanda lomarsa ta faɗi ya ɗauke ta ya share ƙazantar ya ci, kada ya bar wa Shaiɗan. 'Yan'uwanmu Kirista ma suna karanta wa 'ya'yansu yadda Annabi Isa, alaihis salam, ya sa aka tattara gutsattsarin gurasar da ta rage bayan an ciyar da taron jama'a, don kada wani abu ya salwanta. Koyarwar addini a kan wannan batu ta cika, ba ta bar komai ba. Sai dai na sha ganin yaron da ya haddace ayar, ya biya ta ba gargada a gaban malam, ana fita tara ya jefar da rabin awararsa a ƙasa ya ruga wajen ƙwallo, domin a tunaninsa ayar tana aji, awarar tana hannu, kuma ba wanda ya taɓa haɗa masa su wuri ɗaya.

Mu da muka tashi a ƙauye ba mu buƙaci a haɗa mana ba, rayuwa ce ta haɗa. Yaron da ya bi bayan mahaifinsa yana zuba iri a rami, ya wuni a gona yana korar tsuntsaye, ya yi kala bayan girbi. Yarinyar da hannunta ya yi kanta wajen sussuka da surfe, ta tashi da asuba ta yi niƙa. Waɗannan sun san nauyin loma ɗaya a jikinsu. A gidajen wancan lokaci babu abin da ke zuwa bola. Tuwon dare ya zama ɗumamen safe, ƙanzo a shanya shi a ajiye, dusa da ƙasari na awaki ne, abin da ya zube a ƙasa kaji su tsince, wanda ya rage a akushi kuma a miƙa wa maƙwabta ko almajiri tun yana da zafi. Jikokina da suka tashi a birni sun san abinci ne a matsayin abin da ke fitowa daga leda ya shiga tukunya, ya fito ya shiga kula. Ba laifinsu ba ne, kuma ba za mu kwashe su duka mu mayar gona ba. Abin da za mu iya shi ne mu kawo musu gonar da rumbun da madafin cikin wasa, yadda za su ƙirga da hannunsu, su yi kuskure, su ji zafin asara ba tare da an yi asarar gaske ba.

Kada wani ya ce wannan baƙon tunani ne da aka aro daga Turawa. Kakanninmu sun riga su. A cikin wasannin tashe da yara ke fara yi daga goma ga watan azumi akwai wanda yaro ke cusa tsummokara a riga ya yi ƙaton tumbi, ya zube a ƙasa yana kukan ya ci ya kasa tashi, 'yan'uwansa suna amsa masa da cewa zari gare shi, mutanen gida suna dariya. A tsakiyar watan da aka fi cika ciki da dare, yara ne ke bi gida gida suna yi wa manya hannunka mai sanda a kan zarin ci, ba wanda ya ji haushi, kowa kuma ya gane. Haka nan tatsuniyoyin Gizo, sau nawa haɗamar abinci ce ke jefa shi cikin wahala? Tuwon ƙasa da 'yan mata ke yi a gindin zaure da gwangwanaye da ganyaye, shi ma makarantar girki ce tun kafin a ɗora wa yarinya tukunya. Abin da nake kira a yi shi ne a ɗauki waɗannan siffofi da yara suka riga suka sani, a zuba musu darasin da zamani ya kawo.

Bari in bayyana wasan da na fi jin daɗinsa a shekarun koyarwata, wanda yara suka laƙaba wa suna tafiyar gero. Akan zana gidaje talatin da alli a daɓen aji, ko da tsinke a kan rairayi, kowane gida da sunan wani mataki na wahalar da ƙwayar gero ke sha: sharar gona, kai taki, shuka, noman firi, maimai, korar tsuntsaye, girbi, ɗaurin dami, rumbu, sussuka, sheƙa, surfe, wanki, niƙa, tankaɗe, talge, tuƙi, kwasa, har zuwa gidan ƙarshe, wato akushi. Kowace ƙungiya tana da marfin kwalba a matsayin ƙwayarta, kuma ba a matsawa gaba sai an amsa tambaya a kan matakin da ake kai, ko an kwaikwayi aikin da jiki. Duk wanda ya ga yaran birni suna kwaikwayon sheƙa da faifai a hannu zai sha dariya. A tsakanin gidajen akwai na masifa, kamar fari da wuta-wuta da jan-baki da gara da ɓera, wanda ya faɗa ciki ya koma baya, kamar dai macijin da ke bayan allon ludo. Da farko na tsara cewa wanda ya kai akushi zai zari takarda a naɗe, wata an rubuta an cinye, wata an ɗumama, wata an kai wa maƙwabta, wata kuma an zubar a kwata, kuma wanda ya zaro ta kwata sai ya koma gidan farko, sharar gona. Ihun da aka yi ranar da wata ƙungiya ta koma farko bayan ta sha wuyar gida talatin har yanzu yana kunnena. Amma da na zauna na yi tunani sai na ga na yi kuskure, domin na mayar da ɓarna abin sa'a da rashin sa'a, alhali ita zaɓi ce. Sai na sauya doka: wanda ya kai akushi za a faɗa masa yawan mutanen gidan da shekarunsu, shi zai yanke malmala nawa za a kwasa, idan ta yi saura kuma shi zai faɗi abin da za a yi da ita kafin a ƙirga goma, in ya rasa amsa ya koma sharar gona. Daga nan ne gardama ta fara tashi a tsakanin yaran a kan ko jariri yana cin malmala, ko kaka tana cinye guda, ko ranar Juma'a baƙi sun fi zuwa, kuma wannan gardamar ita ce ainihin darasin, domin a cikinta suka gane da kansu cewa gero na wata uku a gona yana iya ƙarewa a kwata cikin minti ɗaya saboda rashin lissafi.

Wannan ya kai ni ga abin da nake ganin shi ne tushen matsalar, wato awo. Yawancin abincin da ke zuwa bola tun a wajen ɗiba ya lalace, lokacin da aka auno abin da ya fi ƙarfin masu ci. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai idon da ya san kima shi ne na wadda ta shekara ashirin tana girki. Idon yarinya 'yar shekara goma bai san komai ba tukuna, kuma yau amare da yawa suna shiga ɗaki da irin wannan ido. Shi ya sa muka riƙa yin tuwon ƙasa na lissafi. Yashi ne shinkafa, gwangwanin madara ne ma'auni, kowace ƙungiya gida ce mai mutum kaza, sai ni kuma in riƙa jefo musu labari a tsakiyar girki: maigida ya yi tafiya, ko baƙi uku sun sauka, ko maƙwabta sun aiko da abincin suna, kowa ya gyara awonsa. Akwai kuma lissafin cokali, wanda kowace uwa za ta iya yi da 'ya'yanta yau da yamma. A gida mai mutum goma, idan kowa ya bar cokali biyu a kowane ci, sau uku a rana, an samu cokali 60. A kwana talatin cokali 1,800. Idan aka rubuta wannan a allo yaro zai kwafa ya manta, amma idan aka sa shi ya ɗebi cokali sittin na yashi ya zuba a kwano, sannan ya juye irin wannan kwano sau talatin a tsakar gida, tsibin da zai tsaya a gabansa ya fi kowace huɗuba. Ban taɓa ware maza daga wannan wasa ba, ko da iyaye sun yi ƙorafi, domin su ne magidantan gobe masu cefane, kuma sau da yawa namiji ne ke kwaso kayan miyar da suka fi ƙarfin gida don ya same su da araha, su ruɓe a kwando.

A makarantun da yara ke cin abinci tare, ko na kwana ko waɗanda shirin ciyar da ɗalibai da gwamnatin tarayya ta fara a 2016 ya kai gare su, ana iya yin gasar awon saura. Kowane aji da bokitinsa, bayan an gama ci a juye abin da ya rage, yara biyu su ɗora a sikeli su rubuta a allo, ƙarshen mako a ga ajin da ya fi ƙarancin saura. Na gwada wannan, kuma dole in faɗi gaskiya, makon farko ya ba ni kunya. Wasu suka riƙa cilla saura ta bayan katanga don kada ya shiga bokiti, manyan aji kuma suka tsare ƙanana sai sun cinye ko suna kuka. Yara sun fi mu wayo wajen gano ƙofar da doka ta bari a buɗe. Gyaran da ya yi aiki shi ne mayar da maki zuwa wajen rabo: duk wanda ya ce a rage masa tun kafin ya sa hannu ya ci maki, abin da aka rage kuma yana nan da tsabtarsa ga mai son ƙari. Kalmar nan ta "a rage mini" ita ce mafi tsada a cikin duk abin da na koyar a wannan fanni, domin yaron da ya iya faɗinta a makaranta zai iya faɗinta a gida, kuma zai iya faɗinta a gidan biki idan ya girma.

Kacici-kacici ma yana da nasa amfani, musamman wajen dawo da martabar abincin da yaran yanzu ke raina wa. Nakan sa su ƙirƙiro nasu, kuma har yau ina tuna guda biyu: na kwana ban mutu ba, da safe wuta ta tashe ni, wato ɗumame; na biyun kuma, ina manne a gindin tukunya, rana ta busar da ni, ƙuli ya aure ni, wato ƙanzo. Daga nan hira takan gangara zuwa kauɗar tumatir da busasshiyar kuɓewa da kuka da kilishi da dambun nama, dabarun da iyayenmu suka adana abinci da su tun babu firij, waɗanda kuma rashin tsayayyiyar wutar lantarki ya sa har gobe muna buƙatarsu. Akwai kuma gwajin tukunya cikin tukunya, dabarar da marigayi Mohammed Bah Abba, wani malami a Jihar Jigawa, ya yaɗa a ƙauyuka har ta kai shi ga samun lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Ana sa ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle, yayin da ruwan ke bushewa sai ya tafi da zafi ya bar cikin da sanyi. Idan aka sa tumatir ɗaya a ciki, ɗaya a kan taga, kowane yaro ya rubuta ranar da yake hasashen kowanne zai lalace, za ka ga yara suna rige-rigen zuwa makaranta da safe don su leƙa tukunya. Dabarar ta fi aiki a busasshen yanayi irin na rani da bazara, kuma gano dalilin hakan wani darasin kimiyya ne da ya zo a kyauta.

A wasu ƙasashe an riga an shigar da irin wannan cikin tsarin makaranta. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta fitar da kundin darussa a kan rage zubar da abinci, an kasa shi rukuni huɗu bisa shekarun yara daga shekara biyar zuwa sama, da wasanni da labarai a ciki. A Japan, inda aka yi dokar ilimin abinci tun 2005, ɗalibai ne da kansu ke raba abincin rana a aji, su ci tare da malaminsu, su kwashe kwanuka su share wuri. Akwai kuma wasannin waya da na kwamfuta, irin su Freerice, wasan tambaya da amsa da aka fara a 2007, wanda yanzu yake hannun Shirin Samar da Abinci na Duniya, inda kowace amsa daidai ke jawo gudummawar kwatankwacin ƙwayar shinkafa goma. Ba na ƙin wasannin waya, jikokina ma ba sa rabuwa da su, amma ba na son mu rataya wannan aiki a wuyansu. Mafi yawansu da Turanci suke, suna maganar ranar ƙarewar wa'adi a jikin kwalin madara da yadda ake jera kaya a firij, ga kuɗin data, ga caji, ga shi kuma wayar uwa ce ko ta uba. Idan matasanmu masu ilimin kwamfuta a Kano da Kaduna da sauran birane za su ƙera wasa da Hausa, mai tuwo da miyar kuka da kwanon awo, wanda ke aiki ba tare da intanet ba, zan fi kowa murna, amma kafin nan alli da yashi da marfin kwalba sun wadatar.

Na san za a samu masu cewa wasa ɓata lokacin karatu ne, har su kawo karin maganar nan ta da wasa da yaro gara kwana da yunwa. Karin maganar tana jan kunnen babba ne kada ya zubar da girmansa a gaban yaro, kuma malamin da ya tsara wasa, ya kafa doka, ya tsaya a matsayin alƙali, girmansa ƙaruwa yake yi. Game da lokaci kuwa, a cikin tafiyar gero da tuwon ƙasa akwai tarawa da ninkawa da rabawa, akwai aikin gona, akwai kalmomin Hausa irin su firi da maimai da talge da ke neman ɓacewa daga bakin yaran birni, duk kuwa suna cikin abin da manhaja ta ce a koyar. Masu ƙyamar duk abin da ya yi kama da caca su ma suna da hujja, shi ya sa ban taɓa shigo da karta ko ɗan ludo ba, ban kuma taɓa sa kuɗi ko kyautar abin duniya ba. Tafi da rubuta sunan ƙungiya a allo sun ishi yaro.

Akwai wuraren da ya kamata a yi taka-tsantsan, domin wasan da aka yi ba da lura ba yana iya cutarwa. A kusan kowane aji na makarantar gwamnati akwai yaron da ya zo bai karya ba, wanda a gidansu babu saura balle a zubar, saboda haka bai dace a tambayi yara ɗaya bayan ɗaya abin da aka ci ko aka zubar a gidajensu ba. A ƙirƙiro gidan wasa, kowa ya yi lissafi a kansa. Bai dace kuma a yi wasa da abincin gaske ba, in ban da ɗan abin gwaji irin tumatirin nan, don kada a rushe da hannu abin da ake ginawa da baki. Sannan dole a koya wa yara cewa tattali yana da iyaka. Dafaffiyar shinkafar da ta wuni a cikin zafi tana iya haifar da gubar da ɗumamawa ba ta kashewa, gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna suna illa ga hanta, kuma irin waɗannan ba a ci, ba a kuma bayar da su. A nan zan ɗan tsaya, Malam Edita, domin akwai wata ɗabi'a da ke ƙona mini rai, wato ajiye abinci har ya yi yami sannan a kira almajiri a juye masa, a kuma ɗauka an yi sadaka. Ɗan wani ne shi ma, kuma cikinsa ba bola ba ne. A cikin wasanninmu na sa doka cewa amsar "a ba almajiri" ba ta cin maki sai an ƙara da "tun da zafinsa".

Ba na so a fahimce ni kamar ina ɗora wa yara laifin manya. Yaro ba shi ke cefane ba, ba shi ke ɗora tukunya ba, ba shi ke dafa abincin mutum ɗari biyar a bikin da aka gayyaci ɗari biyu don gudun kada a ce an gaza ba. Karamci abin alfaharinmu ne, kuma gidan da baƙo zai zo ya tarar babu ragowa a tukunya mukan ga kamar ya yi abin kunya, amma tsakanin ajiye rabon baƙo da dafa abin da kowa ya san ba za a cinye ba akwai tazara mai yawa. Abin da na lura da shi shi ne yaro yana iya shigar da gyara inda wa'azin rediyo bai kai ba, muddin an bi ta hanyar da ba ta saɓa wa tarbiyya ba. Ba a tura yaro ya je ya yi wa mahaifiyarsa gyara a madafi, wannan rashin kunya ne, kuma zai sa iyaye su tsani shirin gaba ɗaya. Abin da ake yi shi ne uwa da kanta ta naɗa shi sarauta a gida: wannan sarkin awo, shi ke ƙirga masu ci kafin a ɗebo, wannan magajiyar kwando, ita ke duba kayan miyar da suka fara laushi a fara da su, ƙaramin kuma sarkin kaji, shi ke kai musu abin da ya zube. Wata uwa ta taɓa tare ni a bakin makaranta tana dariya, ta ce ɗanta ya hana ta sakat, kullum sai ya tambaye ta mutum nawa ne yau kafin ta buɗe buhu, har maigidan ya fara sanar da ita tun da rana idan zai ci a waje.

Ƙasashen duniya, har da Najeriya da Nijar, sun amince tun 2015 da muradin rage zubar da abinci a kantuna da gidaje da rabi kafin 2030, kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 29 ga Satumba ta kowace shekara don wayar da kai a kan asarar abinci da zubar da shi, an fara kiyaye ta a 2020. Ranar tana faɗowa ne a farkon zangon karatu, a daidai lokacin da sabon gero ke shigowa, saboda haka ina kira ga hukumomin ilimin bai-ɗaya na jihohinmu da shugabannin makarantun Islamiyya da masu makarantu masu zaman kansu su ware ko da darasi biyu a wannan mako don irin waɗannan wasanni, kwalejojin horar da malamai kuma su koya wa ɗalibansu yadda ake tsara su. Gidajen rediyo masu shirin yara za su iya buɗe gasar kacici-kacici a kan ɗumame da ƙanzo da kauɗa, masu shirya tashe kuma su farfaɗo da wasan mai tumbin tsumma idan azumi ya zo.

Kai kuma, Malam Edita, roƙona gare ka shi ne ka ware rabin shafi a fitowar da ta fi kusa da wannan rana, a buga allon tafiyar gero da gidajensa talatin da dokokinsa, yadda malami a ƙauye ko uwa a gida za su yanke su manna a kwali. Zanen yana nan a wurina cikin tsohon littafin shirin darasi, kuma idan ka amince zan sa jikana ya sake zana shi da kyau in aiko maka.

Wassalam.

Taku,
Malamar firamare mai ritaya,
Zariya, Jihar Kaduna.